Awara da madarar waken suya: shin suna rikita al'ada ko hana haihuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 28, shekara biyu ke nan da aurena ban samu ciki ba. Al'adata kuma ba ta da tsayayyen lokaci, wani sa'in sai ta yi kwana 45 ko fiye ba ta zo ba. Ina cin awara kusan kullum, ina kuma dama kunu da garin waken suya. Uwar mijina ta ce awarar ce, wai akwai sinadarin mata a cikinta da ke toshe haihuwa. Wata ƙawata kuma ta turo min bidiyo ana cewa tana kawo ƙarin mahaifa da sankarar mama. Mahaifiyata ma tana ci, ga shi tana shan maganin maƙoƙo. Mu daina ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah Ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Bari in fara da abin da kika fi matsuwa ki ji. Awarar da kike ci da kunun da kike damawa ba su ne ke jinkirta miki al'ada har kwana 45 ba, kuma ba su da ƙarfin da za su hana ki ɗaukar ciki. Ba sai kin daina ba. Mama ma ba sai ta daina ba, sai dai ita akwai gyaran lokaci da za ta yi saboda maganinta, zan zo kansa. Abin da ya fi tsaya min a rai cikin saƙonki shi ne al'adar da ke wuce kwana 35 ba ta zo ba, ga shekara biyu shiru. Wannan magana ce ta asibiti, kuma ba na so a bar jaki ana dukan taiki.

Hajiya surukarki ba ƙirƙirar zancen ta yi ba, yana da tushe. A cikin waken suya akwai wasu sinadarai da ake kira aisofilabon, manyansu biyu su ne jenistin da daidizin. Ƙirarsu ta yi kama da ta istirojin, wato homon (sinadarin da ke kai saƙo a cikin jiki) ɗin da gidan ƙwan mace ke samarwa, wanda shi ne ke kaurara bangon mahaifa duk wata, shi ke fito da ƙirji lokacin balaga, shi ne kuma ke riƙe ƙarfin ƙashi. Sai dai kama da wane ba ta wane. Homon ba ya aiki sai ya samu mazauninsa a cikin ƙwayoyin halittar jiki, shi kuwa istirojin mazauninsa iri biyu ne, alfa da beta. Alfa ne ya fi rinjaye a mahaifa da nono, kuma idan aka taɓa shi sai ƙwayoyin wurin su shiga hayayyafa. Beta kuwa sau da yawa aikinsa taka wa alfa birki ne. Istirojin na jiki yana kama su duka biyun da ƙarfi, amma aisofilabon ya fi karkata ga beta, kuma ƙarfinsa ya gaza na istirojin sau ɗaruruwa, a wasu gwaje-gwajen har sau dubu. Baƙo ne da ya zauna a kujerar maigida: ya tare wurin, amma umarninsa ba ya wuce zaure. Bugu da ƙari, da zarar ya ratsa hanji da hanta, jikin ɗan Adam yana ɗaure mafi yawansa ya kashe masa kaifi, sannan ya fitar da shi ta fitsari cikin kwana ɗaya ko makamancin haka.

To daga ina tsoron ya samo asali? Daga dabbobi. A shekarun 1940 makiyayan tumaki a yammacin Ostireliya suka ga tumakinsu sun daina haihuwa yadda aka saba. Bincike ya gano wata ciyawa ce da aka shuka musu a makiyaya, mai ɗauke da sinadarai dangin na waken suya, kuma ita suke kiwo dare da rana. A 1987 aka sake ganin makamancin haka a gidan namun daji na Sinsinati a Amurka, inda wani nau'in damisa mai gudun tsiya ya kasa haihuwa, hantarsa ta taɓu, aka danganta abin da waken suyar da ake cuɗa musu a abinci. Sai kuma ƙarshen shekarun 1990, lokacin da masu bincike a Jami'ar Ilinoyi suka dasa ƙwayoyin sankarar mama ta mutum a jikin ɓerayen da aka cire wa gidan ƙwai, ba su kuma da garkuwar jiki, aka ba su jenistin, sai ciwon ya ƙara girma. Waɗannan labarai duk gaskiya ne, kuma su ne ake ta juyawa a bidiyoyin da ke yawo a waya. Abin da ba a faɗa shi ne tumbin tunkiya yana juya sinadarin ciyawar nan zuwa wani mai ƙarfi ainun, dangin kyanwa ba su iya ɗaure shi a hanta kamar mu ba, ɓera ma yana barinsa a sake cikin jini fiye da mutum nesa ba kusa ba. Tunda kuwa akwai miliyoyin mata da suka tashi da cin waken nan, su ya kamata a duba.

A ƙasar Sin an haura shekara 1,000 ana cin tofu, wanda shi ne awararmu. Manya a Japan suna samun miligiram 25 zuwa 50 na aisofilabon a rana daga abincinsu na yau da kullum, yayin da mutumin Amurka ko Turai bai cika kai miligiram 3 ba. Giram 100 na awara, ko kofi guda na madarar waken suya, yana ɗauke da kimanin miligiram 25. Giram 100 ɗin nan wajen yanka huɗu ne ko biyar, gwargwadon hannun mai yankawa. Ke nan mai cin awarar marece da kofin kunu da safe tana cikin ma'aunin da matan Japan ke kai tun kaka da kakanni. Man waken suya kuwa, wanda wasu ke gudu, kusan babu aisofilabon a cikinsa sam, domin sinadarin yana bin furotin ne ba mai ba. Mu a nan cin waken bai daɗe sosai ba. An jima ana noma shi a Binuwai da kudancin Kaduna, amma sai a shekarun 1980 ya shiga tukunyar gida sosai, lokacin da cibiyar IITA ta Ibadan da ma'aikatan gona suka shiga koya wa mata sarrafa shi. Ina ganin wannan baƙuntar tana cikin dalilan da suka sa kowace cuta aka rasa kanta sai a jingina masa.

Yanzu ga maganar al'ada. A 2009 wasu masana a Birtaniya suka tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi a kan mata, inda aka ba wani rukuni waken suya ko sinadarinsa, aka bar wani rukunin. A matan da ba su daina al'ada ba, istirojin na jininsu bai motsa ba. Homon biyu da ƙwaƙwalwa ke aikawa gidan ƙwai, FSH da LH, sun ɗan sauka da kimanin kashi 20 cikin 100, tsawon zagayen al'ada kuma ya ƙaru da kwana ɗaya a matsakaici. Kwana ɗaya fa. Mai kwana 28 ta koma 29, kuma ƙwai yana fita kamar kullum. Wannan ba zai iya bayyana kwana 45 ba. A ɓangaren ɗaukar ciki, wani bincike da aka wallafa a 2015 ya bi mata 315 da ke neman haihuwa ta hanyar dashen ƙwai a Boston, aka ga masu cin waken suya ba su gaza ba, hasali ma sun fi samun haihuwa. Akwai wani bincike a kan mata sama da 11,000 mabiya wata ɗariƙar Kirista a Amurka da Kanada waɗanda da yawansu ba sa cin nama, wanda ya nuna masu samun sama da miligiram 40 na aisofilabon a rana sun gaza sauran da kashi 3 cikin 100 wajen samun haihuwa a tsawon rayuwa. Na kawo shi ne don kada a ce na ɓoye. Amma bincike ne na tambaya da amsa a lokaci guda, ba ya iya rarrabe wadda ta kasa haihuwa da wadda ba ta nema ba, kuma bambancin ƙanƙani ne. An kuma taɓa ba da rahoton 'yan ɗaiɗaikun mata da suka mayar da waken suya kusan shi kaɗai ne abincinsu, jini ya rikice musu, da suka rage ya daidaita. Wannan wuce gona da iri ne, ba irin cinki ba.

Abin da ya fi yawan sa al'ada ta riƙa nisa haka a shekarunki shi ne rashin fitar ƙwai a kan lokaci, kuma kan gaba a dalilansa akwai lalurar da ake kira PCOS. Alamominta sun haɗa da ƙurajen fuska masu naci, gashi a haɓa ko ƙirji, ƙiba musamman a ciki, da duhun fata a bayan wuya, ko da yake siririyar mace ma tana iya samunta. Sai hauhawar furolaktin, homon ɗin nono, wanda kan sa mace ta ga ruwa yana fita a nononta alhali ba ta shayarwa. Sai matsalar tairod, wato ƙullun da ke gaban wuya, kuma tunda Mama tana da ita, ke ma ya wajaba a duba ki domin tana bin dangi. Rama mai tsanani da ƙiba mai yawa duk suna yi. Ki je wurin likitan mata a babban asibiti, ki tafi da lissafin ranakun da al'adarki ta zo a watannin baya. Za a ɗebi jini a auna waɗannan homon, a yi hoton mara, a kuma yi gwajin da ake tura ruwa ta bakin mahaifa a ɗauki hoto don a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke, saboda toshewarsu sanadiyyar ciwon sanyin da bai samu magani ba tana cikin manyan dalilan rashin haihuwa a ƙasashenmu. Kuma maigida ya je tare da ke a gwada maniyyinsa. Kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai hannun namiji a ciki, gwajinsa kuma ya fi naki sauƙi da araha. Na san faɗin wannan a gida sai da dabara, to ki bar likita ya faɗa da bakinsa. Ƙa'ida ita ce a fara bincike bayan shekara ɗaya ana tare ba ciki, ko wata shida ga wadda ta haura 35, kin ga ke har kin wuce lokacin. Labari mai daɗi shi ne rashin fitar ƙwai yana cikin matsalolin da suka fi jin magani.

Wuri guda da awara za ta iya shiga wannan magana shi ne man suya. Awarar bakin hanya tana shan mai sosai, wani lokaci man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi. Idan gwaji ya nuna PCOS ne kuma akwai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki kan dawo wa mata da yawa da fitar ƙwai. A nan sai in ce ki rage soyayyiya, ki riƙa saka ta a miya ko ki gasa, ki rage sukarin kunu. Laifin mai ne da sukari, ba na wake ba.

Ƙarin mahaifa kuwa, wato ƙullun tsoka da ke tsirowa a jikin mahaifa, abu na farko da za ki sani shi ne ya fi yawa a baƙar fata ko ana cin awara ko ba a ci. Wani bincike na 2003 a Amurka ya nuna kafin shekara 50 sama da kashi 80 cikin 100 na mata baƙar fata suna da shi, yawancinsu ba su ma sani ba. Asibitocinmu sun cika da masu shi tun kafin awara ta zama abincin unguwa. Babban binciken da ya bi dubban mata baƙar fata a Amurka tsawon shekaru bai ga alaƙa tsakanin cin waken suya a girma da fitowar ƙarin ba. Wasu bincike daga ƙasar Sin sun ga alaƙa a wurin masu sha da yawa, wasu daga Japan ba su gani ba. Inda alamar ta fi maimaituwa shi ne a matan da aka shayar da madarar gwangwani ta waken suya suna jarirai, wannan kuma wani babi ne daban. Mai ƙari ta ci awararta daidai misali, ta guji ƙwayoyin sinadarin, ta mayar da hankali kan zubar jini da ƙarancin jinin da ƙarin ke jawowa.

Sankarar mama ce inda abin ya juye gaba ɗaya. Bayan gwajin ɓerayen nan, likitoci sun shekara da shekaru suna hana masu cutar cin waken suya, kuma a lokacin hanin yana da hujja. Sai a 2009 aka wallafa sakamakon bin diddigin mata 5,042 da suka kamu da cutar a Shanghai. Waɗanda suka fi cin abincin waken suya, mutuwa a cikinsu ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka fi ƙarancin ci, dawowar ciwon ma ta ragu da makamancin haka. An ga hakan a masu ciwon da istirojin ke rura wa wuta da waɗanda nasu ba haka ba, da masu shan maganin cutar mai suna tamoksifen da waɗanda ba sa sha. A 2012 aka haɗa waɗannan da matan Amurka, jimilla 9,514, aka ga masu samun miligiram 10 na aisofilabon ko fiye a rana dawowar ciwonsu ta ragu da kashi 25 cikin 100. A shekarar ne manyan ƙungiyoyin yaƙi da sankara na Amurka suka bayyana cewa abincin waken suya ba shi da haɗari ga wadda ta yi cutar. Ba na cewa awara maganin sankara ce, domin irin wannan bincike kallo ne ba gwaji ba, mai cin tofu a Shanghai wataƙila ta fi cin ganye da motsa jiki. Amma da a ce tana rura ciwon, da an gani a cikin dubban nan. Wani abin sha'awa shi ne kariyar da ake gani ta fi fitowa a matan da suka ci waken tun suna yara da 'yan mata. Saboda haka 'yan matan da ke layin mai awara a ƙofar makaranta ba sa cikin haɗari ta wannan fuska, kuma binciken da aka yi a kan 'yan mata masu cinsa da yawa a Amurka bai nuna yana gaggauta fara al'ada ba.

Mu dawo kan Mama. Idan ta kai shekarun ɗaukewar al'ada tana fama da zafin nan da ke taso wa mace kwatsam daga ƙirji zuwa fuska da gumin dare, waken suya na iya ɗan sassauta mata. Tarin gwaje-gwajen da aka haɗa a 2012 ya nuna aisofilabon yana rage yawan tasowar zafin da kimanin kashi 20 cikin 100 fiye da ƙwayar da babu komai a ciki, kuma sai an yi makonni ana sha kafin a ga bambanci. Maganin homon na asibiti yana ragewa da wajen kashi 75, kuma ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Arewacin Amurka a 2023 ba ta saka waken suya cikin abin da take ba da shawara a matsayin magani ba. Wata mace ta ji daɗinsa, wata ba ta ga komai ba, kuma wani ɓangare na dalilin yana cikin hanji. Akwai ƙwayoyin halittar hanji da ke juya daidizin zuwa wani sinadari mai suna ikwal, wanda ya fi shi ƙarfi. Kusan rabin mutanen gabashin Asiya suna da su, a Turai da Amurka kuwa mutum ɗaya ne cikin uku ko huɗu. Game da ƙashi, kada ta dogara da awararmu don samun kalsiyam. Tofun Asiya da ake yabo da shi, da gishirin kalsiyam ake daskarar da shi, tamu kuwa da ruwan tsami ko tsamiya ko lemon tsami, don haka nata kalsiyam ɗin kaɗan ne. Nono, kindirmo, ƙananan kifin da ake ci da ƙaya, da kuka sun fi ta a nan.

Maganin maƙoƙonta shi ne abin lura na gaske. Idan lebotairoksin take sha, wato ƙaramar ƙwayar da ake sha da sassafe ga wanda tairod ɗinsa ya yi sanyi, waken suya yana riƙe maganin a hanji ya hana wani kaso shiga jini. Ta sha maganin da ruwa zalla cikin komai bai shiga ba, ta jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, sannan ta bar tazarar awa huɗu tsakaninsa da kunun waken suya ko awara. A taƙaice awara ta koma ta rana ko marece. Haka dokar take ga ƙwayoyin ƙarin jini da na kalsiyam. Kuma idan za ta ƙara yawan cin ko ta rage sosai, ta gaya wa likitanta a sake auna jini bayan wata biyu ko ƙasa da haka, don a daidaita ma'aunin maganin. Ga mai lafiyayyen tairod da ke samun isasshen aidin, wato sinadarin da tairod ke buƙata don yin homon ɗinsa, gwaje-gwaje ba su nuna waken suya yana rage homon ɗin tairod ba. Matsalar tana tasowa ne inda aidin ya yi ƙaranci, kuma ba waken suya kaɗai ke da wannan hali ba: rogon da bai jiƙu sosai ba yana yi, har geronmu ma masu bincike a Sudan sun danganta shi da yawan maƙoƙo a Darfur inda aidin ya yi ƙaranci. Najeriya ta wajabta saka aidin a gishiri tun 1993. A sayi na leda mai tambari, a rufe shi, kada a bar shi a rana ko gefen murhu. Wadda gwaji ya nuna tairod ɗinta ya fara sanyi amma ba a kai ga ba ta magani ba, ita ce za ta taƙaita ci ta kuma riƙa bibiyar gwaji, domin wani ƙaramin gwaji a Ingila a 2011 ya nuna irinsu sun fi saurin zarcewa zuwa cikakken sanyin tairod idan aisofilabon ɗin da suke samu ya ƙaru.

Duk abin da na faɗa a kan abinci ne. Ƙwayoyi da garin haɗi wata duniya ce daban. Ana sayar da kwalaben aisofilabon da aka tace, ƙwaya ɗaya na iya ɗaukar abin da ya ninka na faranti. A Italiya an ba mata da suka daina al'ada miligiram 150 kullum har shekara 5, aka samu kimanin kashi 3 cikin 100 bangon mahaifarsu ya yi kaurin da bai dace ba, alhali a rukunin da ba a ba su ba babu ko ɗaya. Mai neman ciki, mai ciki, mai shayarwa da wadda ta taɓa sankarar mama su nisanci waɗannan sai da izinin likita. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne garin da masu kayan mata ke tallatawa a Instagram da TikTok, wai haɗin waken suya da hulba da alkama na cikowar ƙirji da ƙugu. Babu gwajin da ya nuna waken suya yana ƙara girman nono. In an ga canji, ƙiba ce ta gaba ɗaya daga madara da sukari da gyaɗar da ake haɗawa. In kuwa aka ga mace ta kumbura cikin mako biyu, fuska ta yi tulu, ci ya buɗe ba ƙaƙƙautawa, to a zargi an barbaɗa irin magungunan nan na sha-ka-fashe, musamman deksametason. Shi wannan da gaske yake rikita al'ada, ya tayar da sukari da hawan jini, ya cinye ƙashi. Idan kin taɓa shan irin wannan haɗi, ko wani maganin ƙiba, ki faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba, kuma wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, sai an janye mata a hankali.

Jarirai ne rukunin da nake tsaurarawa a kansu. Wani bincike na 1997 ya nuna jaririn da ke rayuwa a kan madarar gwangwani ta waken suya yana samun aisofilabon ninki 6 zuwa 11 na abin da babba ke samu idan aka auna da nauyin jiki, a daidai lokacin da gaɓoɓinsa ke ginuwa. Da aka bi waɗanda aka shayar da ita har suka girma, aka kwatanta su da waɗanda aka shayar da madarar shanu, a wani bincike na 2001 a kan mutum 811, ba a ga bambanci a balaga ko haihuwa ba, sai dai matan sun ɗan fi tsawon kwanakin jini da ciwon mara. Don haka ba a ba da ita sai da dalili na likita, ba a kuma ba bakwaini. Madarar da ake tacewa a gida kuwa ba abincin jariri ba ce ko kaɗan, ba za ta maye gurbin nono ba, yaro zai iya shiga tamowa a kanta. Nonon uwa zalla har wata shida. Bayan nan a saka garin waken suya da aka soya a kunun yaro tare da gero da gyaɗa, wannan kam abu ne mai kyau da ma'aikatan lafiya ke koyarwa. Uwa mai shayarwa ta ci awararta, abin da ke ratsawa cikin nono kaɗan ne ƙwarai.

Dalilin da ya sa ba na son mata su watsar da waken nan a kan jita-jita shi ne abin da za su rasa. Busasshen waken suya kashi 36 zuwa 40 cikin 100 nasa furotin ne, farin wake kuwa wajen 24, kuma furotin ɗinsa ya kusa na nama da ƙwai a inganci. A gidan da nama sai ranar Juma'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda yake da rauni shi ne ƙarfen jini. Yana da shi, amma akwai wani sinadari a cikinsa da ke riƙe shi ya hana jiki tsotsa, ga shi binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Jiƙa waken ya kwana yana rage wannan sinadari, daddawar waken suya ta fi ragewa saboda ruɓawar da ta yi. Ki ci awara da tumatir da kabeji da ɗan lemon tsami, bitamin C ɗinsu yana taimakon tsotsar ƙarfen, ki kuma raba ta da shayi da awa ɗaya ko biyu domin shayi ma riƙewa yake. Tunda kina neman ciki, ki fara shan folik asid tun yanzu, maikirogiram 400 a rana, ba sai ciki ya shiga ba.

Ma'aunin da nake ba mata shi ne ci ɗaya zuwa biyu a rana, misali kofin kunu ko madara da safe da yanka huɗu ko biyar na awara da marece. Wanda jikinsa ke yin ƙaiƙayi, borin jini ko kumburin leɓe bayan ya ci, wannan rashin jituwa ne da waken, ya bar shi baki ɗaya. Kuma a dafa shi da kyau, domin ɗanyen waken suya yana da sinadaran da ke hana narkewar furotin, su ne ke kawo murɗar ciki da tashin zuciya, wuta ce kaɗai ke kashe su. Garin kunu a soya waken tukuna kafin a kai niƙa. Madara kuwa tana da yaudara: tana yin kumfa ta taso tun ba ta kai ga tafasa ta gaskiya ba. Idan ta taso a rage wuta, a ci gaba da juyawa, a bar ta ta ƙara minti 10 zuwa 15 tana tafasa kafin a sauke.